Sabulu na kashe funfunar ganye, amma ku nisanta shi da kifi

Da yawanmu masu kiwon kifi da kaji muna da ɗan lambu a gefe, muna ba shi ruwan da muka sauya daga tankin tarwaɗa da kashin kaji. To, kwanan nan ana ta yaɗa cewa ruwan omo maganin kowace cutar shuka ne. Ni dai ban yarda ba. Sabulu na aiki, amma yana da iyaka.

Kun san farin garin nan mai kama da toka da ke rufe ganyen kuɓewa, kabewa da kankana? Funfuna ce, kuma a saman ganye take zaune. In ka fesa ruwa zalla, sai ya dunƙule ya gangare. Sabulu kuwa gefe ɗaya nasa na kama ruwa, ɗayan na kama maiƙo. Shi ya sa yake sa ruwan ya baje ya jiƙa ganyen, sannan ya lalata fatar ƙwayar funfunar, wadda da maiƙo aka gina ta, abin cikinta ya tsiyaye ta bushe.

A 1997 masu bincike Stanghellini da Miller na Jami'ar Arizona a Amurka sun nuna cewa wani sinadari mai aikin sabulu da wata bakteriya ke fitarwa yana fasa ƙwayoyin Pythium da Phytophthora masu iyo a ruwa, waɗanda ke ruɓar da saiwa. Dalili, a wannan matakin ba su da bango mai tauri.

Amma sabulu sai abin da ya taɓa yake kashewa, kuma da ya bushe aikinsa ya ƙare. Cutar da ta shiga jijiyar tumatir har ya yi yaushi, ko ka yi masa wanka da sabulu ba za ta fita ba. Tuge shi kawai.

Omo kuma ba shi ne sabulun da ake nufi ba. Gishirin da ke cikinsa da sinadarin fitar da datti suna ƙona ganye. Sabulun salo da ake yi da toka ya fi kusa da wanda ake sayarwa don feshi. Ni ƙaramin cokali ɗaya na narkakken sabulu nake sawa a lita 1. In gwada a shuka biyu, in jira kwana 2, sannan in fesa sauran da yamma, sama da ƙasan ganye.

Ga inda nake so ku kula sosai. Abin da sabulu ke yi wa funfuna shi yake yi wa kifi: yana wanke yauƙin jikinsa, ya lalata wurin numfashinsa. Bara na dama sabulu a bokiti, na ɗauraye sama-sama, ƙanena ya ɗebi 'ya'yan tarwaɗa a ciki. Kafin magariba wallahi fiye da rabi sun tafi. Laifina ne, ba nasa ba.

Don haka bokitin feshi daban, na kifi daban. Kada a wanke famfon feshi kusa da tanki. In ka ga farin abu kamar auduga a jikin kifinka, kada ka ce ai shi ma funfuna ce, bari in zuba sabulu. Ware shi, ka gyara ruwa, ka yi masa wankan gishiri bisa shawarar masani.

Wa ya taɓa gwada sabulun salo a lambunsa? Ya ya kaya? Allah ya sa albarka a nemanmu.