Sanda Biyu a Farkon Hanyar Fayil

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a tsakanin masu rubuta manhaja, kuma lokaci ya yi da za a ƙalubalance ta. Da zarar sun ga karkatacciyar sanda, wato alamar /, ta maimaitu a cikin hanyar fayil, sai su umarci kwamfuta ta narkar da su zuwa guda ɗaya a duk inda suka bayyana. Suna kiran wannan tsabtacewa. Ni ganganci nake kiransa.

Suna da rabin hujja. Ƙa'idar POSIX, wadda Unix da danginsa suke bi, ta ɗauki sanduna da yawa a jere a matsayin guda: /gida//littafi da /gida/littafi wuri ɗaya suke nufi. Sai dai ƙa'idar ta yi togaciya. Idan hanya ta fara da sanda biyu cif, an bar wa kowane tsari ya fassara ta yadda ya ga dama. Uku ko fiye kuwa sai su koma ɗaya. Wannan togaciya tana da dalili. A Cygwin, //sabar/jaka tana nufin jakar da ke cikin wata kwamfutar ta hanyar sadarwa, kamar yadda Windows take rubuta \\sabar\jaka. Duk wanda ya goge sanda ɗaya a nan ya tura mutum lalube cikin ɗakinsa, alhali kayan suna gidan maƙwabci. Shi ya sa normpath ta Python take barin biyun farko yadda ta same su.

Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan. Wane malami ne zai yarda a mayar da "babba" ta zama "baba" da sunan rage maimaici?

Ɓarnar ta fi muni idan aka kai wannan tsintsiya kan adireshin intanet. A ƙa'idar RFC 3986 ta shekarar 2005, a//b da a/b adireshi biyu ne daban. Haka nan a ma'ajiyar S3 ta Amazon sanda harafi ce kawai a cikin suna, don haka hoto//1 da hoto/1 abubuwa biyu ne, kuma manhajar da ta haɗe su tana iya ɗora ɗaya a kan ɗaya ba tare da ta yi ko tari ba.

A narkar da na tsakiyar hanyar fayil, ban ƙi ba. Biyun farko a bar su, adireshin intanet kuma a miƙa shi yadda aka karɓe shi.