Ƙaddarar Odifus Ba Irin Tamu Ba Ce



Duk shekara jama'a kan cika tsohon dandalin Efidauros na ƙasar Girka, mai ɗaukar kimanin mutum 14,000, don kallon wasannin kwaikwayon da aka rubuta fiye da shekara 2,400 da suka wuce. Cikinsu akwai na Sofoklis, wato labarin Sarki Odifus, wanda aka yi wa duba cewa zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Ya gudu, gudun kuma ya kai shi ga aikatawa. Mu nan ta hannun Ola Rotimi labarin ya iso mu, a wasansa na 1968, The Gods Are Not to Blame.

Wani ɗalibina ya kalli wasan Sofoklis ɗin a intanet, sai ya ce da ni: "Malam, ashe su ma sun yi imani da ƙaddara kamar mu!" Wallahi maganar ta tayar mini da hankali.

Ya ɗan'uwa, ina aka haɗu? Waɗannan wasanni a bikin Diyonisus, abin bautarsu na giya, aka fara yin su. Sanin gaibu a cikinsu yana bakin bokan Delfi. Iyayen yaron sun gaskata boka, suka yar da jaririnsu. Odifus ya yi ɓarna bisa rashin sani, amma annoba ta auka wa gari, uwar ta rataye kanta, shi kuma ya tsiyaye idanunsa. Ina tuba? Ina gafara? Mu kuwa Ubangijinmu ba Ya zalunci, Ya yafe kuskure da mantuwa, Ya hana zuwa wurin boka, ƙofar tuba kuma a buɗe take.

Marubuta Musulmi sun lura da haka. A 1949, a Misra, Taufiƙ al-Hakim da Ali Ahmad Bakasir kowannensu ya sake rubuta wasan, suka mayar da duban makircin mutane.

Ban ce a ƙona littafi ba. Ni ma na karanta shi a jami'a, kuma ban musa fasaharsa ba. Amma kada daɗin wasa ya sa ka kira tarkon boka da sunan rukunin imani. Ka san aƙidarka tukuna, sannan ka kalli ta wasu.

Allah Ya tsare mana imaninmu, amin.