Kafin a ce wa mai takaba "tunani ne", wa ya riƙe hannunta?

Ranar da aka yi sadakar bakwai ɗin Baba baƙi suka fara watsewa. 'Yan Bauci suka kama hanya bayan azahar, 'yan Kano da asubar washegari, aka naɗe tabarmin zaure, aka mayar da manyan tukwanen aro. A dare na tara Mama ta tashe ni wajen ƙarfe biyu. Watan Disamba ne, sanyin Jos na ratsa bargo biyu, amma ita zufa take yi. Tana zaune a bakin gado dafe da ƙirji, ta ce, "Gabana ke faɗuwa. Kamar ana lugude a nan."

Na ba ta ruwa, na yi mata tofi, na ce, "Mama, tunani ne. Ki yi haƙuri, ki yi ta salati." Ba ta koma kwanciya ba, jingine da bango aka kira assalatu. Da gari ya waye na buga wa yayanmu da ke Abuja, shi ma ya ce tunani ne, zaman shekara 46 ai ba wasa ba. Gwaggo ta ce olsa ce, tunda aka yi rasuwar ba ta sa abin kirki a cikinta ba, aka aiki yaro kemis ya sayo farin maganin nan na ruwa. Mu uku, malamar makaranta da ɗan kwangila da mai sayar da atamfa, muka gama binciken lafiyar mace 'yar shekara 68, ba wanda ya ko riƙe tsintsiyar hannunta.

Wannan kuskuren nawa shi ya sa na ɗauki alƙalami. "Tunani ne" hukunci ne, kuma ba 'ya'ya ne ke da hurumin yanke shi a tsakar gida ba. Yana iya zama gaskiya. Amma magana ce da ya kamata ta fito bayan an auna, mu kuwa da ita muke farawa, don ita ce ba ta cin kuɗin mota.

Harshenmu ma yana taya mu ruɗewa. Ciwon zuciya shi ne wanda ɗan da ba ya jin magana ke sa wa uwarsa, shi ne kuma wanda likita ke gani a na'ura. Faɗuwar gaba ita ce ta jin sallama da tsakar dare, ita ce kuma ta zuciyar da bugunta ya rikice. Mu mutanen Jos muna da ƙarin dalili. Tun daga rikicin Juma'ar 7 ga Satumba 2001, zuwa na Nuwamba 2008, zuwa na Janairu 2010, zuwa bama-baman Taminus na Mayu 2014, iyayenmu suka koyi zama da kunne a waje. Tayar mota ta fashe a titin Bauci, sai ka ga tsohuwa ta saki ludayi tana tambayar ina yara. Mun saba ganinsu a firgice, har ya zama duk wanda ya dafe ƙirji mun riga mun san dalilinsa.

Ana gobe sadakar arba'in wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta zo ta'aziyya. Nas ce da ta yi ritaya, Sista muke ce mata tun muna yara. Katanga ɗaya ta raba mu a Unguwar Rogo kafin rikicin 2001 ya sa suka tashi zuwa Tudun Wada, labarin rasuwar bai iske ta da wuri ba. Suka rungume juna da Mama suka yi kuka. Tana cikin shan kunu na ga idonta ya sauka kan gadon.

"Hajiya, filo uku kike kwana a kai?"

"In na kwanta flat numfashina ɗaukewa yake," Mama ta ce, da irin Hausarmu ta Jos mai ɗan gauraye.

"In kin je bayi kin dawo, kina haki?"

"Sai na ɗan tsaya a bakin ƙofa."

Sista ta ajiye kofin, ta durƙusa, ta danna ƙwaurin Mama da babban yatsa ta ɗaga. Ramin ya zauna kamar an danna tuwo mai ɗumi. Ta kama hannunta ta yi shiru, sannan ta jawo yatsuna ta ɗora a wurin ta ce in ji da kaina. Bugu uku a guje, sai a tsaya, sai biyu, sai ɗaya mai ƙarfi, kamar yaro mai koyon kalangu. Ta ce, "Ina maganin hawan jininki?" Mama ta sunkuyar da kai. Ashe tun watan Oktoba da aka kwantar da Baba ba ta ƙara shan ko ƙwaya ɗaya ba. Shi ke sayo shi duk wata in fansho ya shigo, shi ke ajiye mata kusa da filas ɗin shayi. Mu bakwai ta haifa, ba wanda ya san haka.

Sai ga wata sabuwa. Gwaggo ta ce mai takaba ba ta fita, a bari wata huɗu da kwana goman su cika. Na aika aka tambayi limamin unguwarmu, amsarsa ba ta da tsawo: mai takaba na fita don lalura, ta dawo ta kwana a ɗakinta, in kuma lalurar ta kai a kwantar da ita a asibiti, to lalura ce. Wannan sananne ne a wurin malamai, amma a gidaje da yawa al'ada ta fi fiƙihu tsauri. Ina roƙon limamanmu su riƙa faɗin wannan a wurin zaman makoki, a gaban matan gida, don su ne masu tsare ƙofar.

A asibiti aka auna jini ya haura 180. Aka manna mata wayoyi a ƙirji aka ɗauki zanen bugun zuciya, wanda ake kira ECG, daga baya aka yi hoton zuciyar. Likita ya zana mana a bayan takarda. Shekarun hawan jini sun sa naman zuciyar ya yi kauri, ɗakunanta na sama sun daina bugu a tsare sai karkarwa, ruwa ya fara taruwa a ƙafa da huhu, shi ya sa in ta miƙe a gado take jin kamar an danne ta. Ya ce irin wannan rikicewar bugun tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. A ƙasarmu kuwa hawan jini ne kan gaba wajen kassara zuciya. Kwana talatin da ɗoriya muna ba ta maganin olsa.

Akwai alamomin da ke karkata zuwa nan ko can, na kuma koye su a makare. Firgitar da damuwa ke kawowa kan faɗo wa mutum yana zaune, ta kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, da rawar jiki da bushewar baki da ƙaiƙayin yatsu da jin mutuwa ta zo, sannan ta lafa ta bar shi a gajiye. Na zuciya ya fi bin wahala: hawan tudu, ɗaukar bokiti, saurin zuwa masallaci, kuma yakan sauka in an huta. Nauyi ne kamar an ɗora dutse, wani lokaci ya bi hannu ko muƙamuƙi ko baya. Kumburin ƙafa, kasa kwanciya sai da tarin filo, farkawa da dare ana neman iska, bugun da ba shi da tsari, waɗannan ba kasafai tunani ke kawo su ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai takaba ba ta hawan tudu, ba ta zuwa kasuwa, an karɓe mata girki da shara. Daga gado sai darduma. To da me za a gane wahala na tayar mata da ciwon? Kuma mata da tsofaffi da masu ciwon suga sukan gamu da toshewar jijiyar zuciya ba tare da ciwon ƙirjin kirki ba, sai tashin zuciya, ko zafin saman ciki irin na olsa, ko kasala da zufa mai sanyi. Ita kuwa cutar firgita galibi tun ƙuruciya take farawa. Wanda ya kai shekara sittin da ɗoriya bai taɓa yin ta ba, in ya fara yau, jikinsa ya kamata a fara tuhuma: zuciya, ƙarancin jini, maƙoƙo, faɗuwar suga, ko magungunan da yake sha. Ƙwayoyin ciwon gwiwa irin su diclofenac, da tsofaffinmu ke haɗiya kamar gyaɗa, suna ɗaga jini suna riƙe ruwa a jiki. In kuwa nauyin ƙirji ya wuce 'yan mintoci bai saki ba, ko aka suma, ko numfashi ya gagara ana zaune, ko baki ya karkace, ba a jiran gari ya waye. Asibitin Koyarwa da ke Lamingo da nisa daga cikin gari da dare, na sani, amma ga Asibitin Ƙwararru na jiha, ga asibitin Jankwano.

Baƙin cikin kansa ma yana taɓa naman zuciya, ba a baki kawai ba. A shekarar 1990 likitoci a Japan suka bayyana wani ciwo da ke kama mutum bayan mummunan labari, zuciyar ta kumbura ta yi siffar tulu, suka raɗa masa suna takotsubo, sunan wata tukunyar masuntansu mai ƙaramin wuya. Kusan tara cikin goma na masu kamuwa da shi mata ne, akasari waɗanda suka daina al'ada. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012 ya gano cewa a ranar farko bayan rasuwar makusanci haɗarin toshewar jijiyar zuciya na ninkuwa kusan sau 21, a makon farko kuma kusan sau shida. Tun a 1969 likita Colin Murray Parkes da abokan aikinsa a Ingila suka bi sawun maza 4,486 'yan shekara 55 zuwa sama da matansu suka rasu. Mutum 213 suka bi matan nasu cikin wata shida na farko, kashi 40 cikin ɗari sama da abin da aka saba gani a sa'o'insu masu aure, kuma ciwon zuciya ne ya fi ɗibarsu. Mu a nan cewa muke, "Allah sarki, bai iya zama ba ita ba." Namiji ma ya fi shiga uku ta wannan fuskar. Ba shi da takaba, bayan sadakar uku ya koma rumfarsa a kasuwar Katako, kowa na yaba masa dauriya, ba mai tambayar yadda yake kwana.

Kada a ɗauka labarin Mama ya ƙare da magani. Cikin mako uku ƙafa ta saɓe, filo ya koma ɗaya. Amma kullum magariba ta kawo jiki, daidai lokacin da Baba kan turo ƙofar zaure yana gyaran murya, sai gabanta ya faɗi, hannunta ya ɗau rawa. Muka koma a guje har sau biyu, aka auna, komai daidai. Wannan karon da gaske tunani ne, a jikin mace mai ciwon zuciya na gaske. Biyun sun zauna a ƙirji ɗaya, kowanne na zuga ɗan'uwansa: tsoro ya hanzarta bugu, bugun ya ƙara tsoro.

A nan ne ɓangare na biyu na sakacinmu yake. Da an ce "ba a ga komai ba", sai 'ya'ya su sauke ajiyar zuciya su koma harkokinsu, wasu ma su fara ƙosawa, wai tsohuwa na son a yi ta lallashinta. Mahaifin wata ƙawata a Bukur sau uku ana yi masa gwaje-gwaje zuciyarsa ƙalau, amma ya daina kwana a ɗakin da matarsa ta cika, ya daina fita sallar asuba don tsoron faɗuwa a hanya. Maganin da aka nemo masa shi ne ƙwayar barci daga kemis, ba takardar likita. Irin waɗannan ƙwayoyin, su diazepam, suna sa tsoho jiri da mantuwa, ga sabo, kuma faɗuwa ɗaya a bayi ta isa ta karya ƙugu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos na da sashen masu lura da damuwa da firgita kamar yadda yake da na zuciya, amma ambaton sashen kawai sai a ce za a kai uba wurin mahaukata. Sai da ƙanensa ya sa baki aka je.

Za a ce kuɗi. Gaskiya ne, gwajin zuciya ba kyauta ba ne, kuma akwai gidajen da ko na awon jini sai an yi karo-karo. Amma na ga abin da muka kashe a sadakar arba'in ɗin Baba: buhunan shinkafa, rago, katan-katan na lemo, har da kalanda mai hotonsa da yayanmu ya bugo daga Abuja. Kuɗin kalandar kaɗai ya fi na gwajin farko da aka yi wa Mama. Mun yi wa wanda ya tafi hidima iya ƙarfinmu, wadda ta rage tana zaune a ƙuryar ɗaki da kumburarriyar ƙafa a ƙarƙashin zane, masu gaisuwa na shiga suna fita suna ce mata ya haƙuri.

Yanzu akwai na'urar awon jini a kan durowarta, da ɗan littafin makaranta da jikarta ke rubuta lamba da lokaci da abin da take yi sa'ad da abin ya zo. Jikar a ɗakin take kwana. An rage goro, an rage gishiri da dunƙule, kanwa kuma an sallame ta, abin da har yau Mama ba ta yafe wa likita ba. Da takaba ta fita ta koma Islamiyyar matan unguwa, tafiyar minti goma, tana tsayawa sau ɗaya a bakin shagon mai gawayi.

Jiya da magariba ina gidan. Aka kira salla, na ga ta tsaya da buta a hannu, ɗaya hannun ya tafi ƙirji. Na miƙe zan ɗauko na'urar, ta girgiza kai.

"Bar shi. Wannan na babanku ne, ba na likita ba."

Na ce, "To, Mama, kawo hannun dai."

Ta miƙo tana harara ta, na ɗora yatsu biyu, ina kallon agogon bango ina ƙirgawa, ita kuma tana cewa in yi sauri kada ruwan alwalarta ya huce.