Shiga Maraɗi da ɗan yaye: wa zai riƙe hannunsa?



Daga Madarunfa zuwa Maraɗi kilomita ashirin da ɗoriya ne, kuma kusancin nan shi ke ruɗin mu. In maigida zai kai iyali Yamai ko Damagaram, sai ya kwana uku yana shiri, a daka fura, a wanke kaya, a nemi guzuri. Amma Maraɗi? "Ai nan da nan ne, yanzu mun dawo." Sai a tashi da hantsi, a saɓi yaro ɗan shekara biyu kamar ƙullin kaya, a kama hanya ba ruwa ba kunu.

Ni a ganina, ranar da za a shiga birni da ɗan yaye, da agogonsa ya kamata a yi aiki. Lokacin barcinsa da lokacin cin abincinsa su za su faɗi ƙarfe nawa za a tashi, wuri nawa za a je, da ƙarfe nawa za a juyo.

Ku dubi yadda muke lissafin yini guda. A shiga babbar kasuwa sayen kayan sallah, a biya wajen tela, a je gaisuwar rasuwa Bagalam, a leƙa barka unguwar Zariya, a gaida gwaggo a Ali Ɗan Sofo, maigida kuma yana son ya sayi kayan gyaran babur kafin a rufe shago. Wuri shida. Babba zai jure, in ya dawo ya sha magani ya kwanta. Yaron da bai iya cewa "ƙishirwa nake ji" ba fa? Kuka kaɗai ya iya, mu kuma sai mu ce rigima ce, a miƙa mishi alawa a ci gaba da tafiya.

A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yana wuce digiri 40. Yaron da ke goye yana shan zafin rana, yana shan zafin bayan uwarsa, ga zane, ga hijabi an lulluɓe shi har kai. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin rasa ruwa. In kin ga bakinsa ya bushe, idanunsa sun faɗa, yana kuka ba hawaye, ko tun safe bai yi fitsari ba, to, ba kasuwa ake ciki ba kuma, inuwa za a nema da ruwa, daga nan sai gidan likita. Ƙullin SRO, wato ruwan gishiri da sukari da ake samu a farmasi da CSI, bai fi ashana nauyi ba a jaka. In babu shi, lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, shafe ba tozo ba.

Sai maganar kabu-kabu. Kowa ya san hoton nan: mai babur, maigida, uwargida da goyo, ga ɗan yaye an ɗora shi kan tanki ya riƙe madubi. Iska na kaɗa shi barci zai ɗauke shi, hannun da ya riƙe ƙarfen ya saki. Wajen sauka kuma ƙafarsa ta taɓa salansa. Ku duba ƙwaurin yaran unguwarku, za ku ga masu tabon ƙunar nan. Adaidaita ta fi tsada, na sani, kuma kuɗi ba su faɗowa daga sama. Amma in an rage wuraren zuwa daga shida zuwa biyu, kuɗin da aka tsimi sun biya ta. A sa yaron tsakiya, kar a bar shi bakin ƙofa yana leƙe.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai shi ne kasuwa. Litinin da Juma'a babbar kasuwar Maraɗi take cika, kuma mu ƴan karkara ranakun nan muka fi so mu shiga. Mu da ke aikin rediyo mun san abin da ake kira cigiya, mun san fuskar uwar da ta zo bayar da ita. A Madarunfa in yaro ya ɓace ba ya nisa, wata tsohuwa za ta dubi goshinsa ta ce wannan jinin gidan wane ne, ta kamo hannunsa har zaure. A Maraɗi ba wanda ya san goshinsa. A tambaye shi sunan ubansa ya ce Baba, sunan uwarsa ya ce Inna, garinsu ya ce gida.

Yadda abin ke faruwa kuwa kusan iri ɗaya ne kullum. Maigida yana gaba da taku goma, hannu a aljihu ko salula a kunne. Uwargida tana baya da goyo, da leda a hannu, tana taya atamfa. Ta saki hannun yaron don ta kwance bakin zane ta ƙirga canji. Ita tana zaton ya bi ubansa, shi yana zaton yana wajen uwarsa. Minti biyu sun isa.

Shi ya sa nake cewa maza, riƙon yaron nan a kasuwa aikinmu ne. Hannun mace a cike yake, namu ne a sake. Na san akwai masu jin nauyi, musamman in ɗan fari ne, a ce wane ya ɗauki ɗansa a kafaɗa a bainar jama'a, ba ya da kunya. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, ban raina ta ba, a gaban surukai a cikin gida tana da kyau. Amma tsakiyar kasuwa, ga amalanke ga babura, ba wurinta ba ne. Kuma kar a ɗora wa yayarsa ƴar shekara bakwai wannan nauyi, ita ma kallon birni ta zo yi.

Wani zai ce, to zumunci fa? In dangi suka ji kun shigo gari ba ku biyo ba, sai an shekara ana yi muku gori. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Abin da nake ganin ya fi shi ne a zaɓi gida guda a sauka, inda akwai inuwa da tabarma, uwa da ɗa su huta daga azahar zuwa la'asar, maigida ya zagaya sauran gidajen shi kaɗai ya isar da gaisuwa. Akwai wata ribar ma a ciki. Duk gidan da aka shiga da yaro sai an ba shi wani abu, nan lemu, can fura, gaba ruwan randa, kuma ba dama uwa ta ce a'a ba a ce ta raina mutane ba. Washegari sai zawo. In ta zo da kofinsa, da ruwansa, da kununsa a tarmos, tana da amsa mai daɗi: "Yanzu ya sha, Hajiya, cikinsa a cike yake."

In kuwa sayayya ce kaɗai ta kai ku, wallahi ku bar shi wajen kakarsa. Ai can ake kai shi yaye ma ya yi kwanaki, yini guda ba zai gagara ba.

Karnen rigakafinsa ya shiga jaka tun dare. Tun 2006 doka ta ce kula da lafiyar yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma kun san akan rubuto magani a ce a je farmasi, don haka a ware jika biyu ko uku da ba za a taɓa ba ko an ga takalmin da ya yi kyau. In damina ce kuma tafiyar ta faɗo cikin kwana ukun maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida, a tafi da ƙwayar rana ta biyu da ta uku. In za a kwana, a ɗauki sange, kar a dogara da na masu masauki. In ba za a kwana ba, a kamo hanya kafin magariba, kun san halin hanyoyinmu da dare.

Kafin a fita gida, a rubuta sunan yaron, sunan ubansa, garinku da lambar salula a ƴar takarda, a sa a aljihunsa ko a maƙale ta da fil a cikin rigarsa. A kuma ɗauke shi hoto da kayan da ke jikinsa a ranar. Tambayar farko da mai karanta cigiya zai yi muku ita ce wace irin riga ya sa, kuma iyaye da yawa in hankali ya tashi sai su kasa tunawa.