Yaƙin Da Ganye Ke Yi Da Tsakar Rana

Duk wanda ya tashi a Utai, ko wani gari na ƙasar Wudil, ya san irin jugum ɗin da akan yi idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. Shuka ta kai gwiwa, an gama noman fari, sai sama ta yi tas har mako biyu ko uku. Hantsi na yi sai ka ga ganyen dawa ya naɗe kamar tabarma, na wake kuwa ya karkace ya ba rana gefe. Ina yaro nakan ɗauka mutuwa ce ta zo. Kakana kuwa sai ya ce a bar su, dabara suke yi, in yamma ta yi za su warware. Sai da na shiga jami'a na tarar ashe maganar tsohon nan fanni ce guda ta kimiyya, kuma ra'ayina shi ne mu ɗalibai mun yi sakaci da wannan fanni, alhali tuwon gidajenmu a kansa ya rataya.

Bari in ɗan fayyace abin da ke gudana a cikin ganyen. A jikinsa akwai ƙananan ƙofofi dubbai waɗanda ido ba ya gani, ta nan iskar da shuka ke haɗa abinci da ita take shiga, ta nan kuma ruwa ke fita. Idan ƙasa ta bushe sai wani sinadari mai kai saƙo ya yawaita a ganye, masana suna kiransa ABA, an fara tsamo shi daga 'ya'yan auduga a Amurka a shekarar 1963. Saƙonsa shi ne a rufe ƙofa kada ruwa ya ƙare. To, amma rufe ƙofar ma da nata haɗarin. Iska ba ta shiga, aikin haɗa abinci ya tsaya, ga rana kuma tana ta dukan ganye ba sassauci. Ƙarfin hasken da ya rasa aikin yi sai ya faɗa wa iskar oksijin, ya mai da ita wasu sinadarai masu cin jiki kamar yadda tsatsa ke cin fartanya. Su ne ke lalata koren ganye har ya yi rawaya ya ƙone.

Ɗaya daga cikinsu ba baƙo ba ne gare mu, watau ruwan nan da ake wanke miki da shi a asibiti yana kumfa. Kumfar nan aikin wani sinadari ne na jikinmu mai suna katalas, wanda ke farfasa shi ya koma ruwa da iska. Irin wannan katalas ɗin ganye ma yana da shi, tare da bitamin C da wasu dogarai masu kashe wannan gobara tun kafin ta ci gida. Abin mamaki kuma, ɗan kaɗan na wannan guba shi kansa saƙo ne, da shi ABA ke amfani wajen rufe ƙofofin. Yawansa ne ke halaka ganye. Saboda haka juriyar shuka ga fari ta dogara ƙwarai ga yadda take saurin jin saƙo, da kuma ƙarfin dogaranta.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne, bai shafe mu ba. A nan Kano, a tashar Cibiyar Binciken Noman Ƙasashe Masu Zafi, watau IITA, Dokta B. B. Singh da abokan aikinsa sun shuka wake iri-iri a cikin akwatunan katako, suka hana su ruwa don su ga wanda zai fi daɗewa. A sakamakon da suka buga a 1999 sun nuna cewa hanyar juriya biyu ce. Wasu irin sukan tsai da girma cak su yi ta tattalin ruwan da ke jikinsu. Wasu kuwa sukan janye ruwa daga tsofaffin ganyaye na ƙasa su tura wa toho, su ci gaba da tsiro a hankali har ruwa ya dawo. Waɗanne ne ke bin hanya ta biyun? Ɗan Ila da Kanannado, waken da iyayenmu ke ajiye irinsa a tulu da toka. Lalle da tsohuwar zuma ake magani. Manoman da suka ga farin 1973 da na 1984 ba su san sunan ABA ba, amma kowace kaka irin da ya tsira suke zaɓa, watau shekara da shekaru suna tace mana shuka mai jin saƙo da wuri.

Na san abin da wasu za su ce: manomi taki yake nema da injin ban ruwa da kuɗin ƙwadago, ba labarin sinadari ba. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai ci bayani ya ƙoshi. Sai dai rashin wannan bayani yana cinye takin da kuɗin gaba ɗaya. Na ga maƙwabcinmu ya sayo wata kwalba a kasuwa, ba suna ba ma'auni, an ce masa maganin ƙara girma ne. Ya fesa wa tumatirinsa da rana tsaka yana cikin ƙishi, kafin kwana uku ganyen ya babbake. Haka nan maganin ciyawa da ake kira 2,4-D kwaikwayo ne na sinadarin girma na shuka, yakan sa mai faɗin ganye ya yi ta girman hauka har ya mutu, ya ƙyale dawa da gero. Mu kuwa a gona ɗaya muke haɗa gero da wake. Wanda ya fesa shi ba da sani ba ya kashe wakensa da hannunsa. Kwalaben da ke wasa da saƙonnin shuka sun riga mu isa ƙauye, iliminsu ne ya tsaya a aji.

Me ya kamata mu yi? Da farko, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a Wudil, wadda ta soma aiki a 2001, ga Cibiyar Nazarin Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero, ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu ya daina kwafo abin da aka yi a kan alkamar wata ƙasa. Ya hau mota ya je Utai, ya roƙi irin wake da na gero daga hannun tsofaffi, ya rubuta sunan da suke kiransa da halinsa, ya gwada shi. Akwatin katako da yashi ba su fi ƙarfin aljihun sashe ba. Na biyu, mu zauna da 'yan sashen Hausa mu tsara kalmomin wannan ilimi, domin abin da ba ka iya faɗa wa mahaifinka da harshensa ba, ba ka gama fahimtarsa ba. Na uku, 'yan'uwanmu da suka riga mu kama aiki a ma'aikatar gona su tuna cewa malamin gona ba mai rabon buhu ba ne kawai. Ya iya gaya wa manomi dalilin da ya sa ba a feshi da tsakar rana, da dalilin da ya sa ba a zuba taki a busasshiyar ƙasa.

Kakana ya rasu bai taɓa leƙa madubin ɗakin gwaji ba, amma ya bar mana tulun iri. Mu da aka kashe wa dukiyar talakawa muka yi karatu, abin kunya ne a ce irin nan ya ɓace a hannunmu ba mu ko san sirrin da ke cikinsa ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa iliminmu ya amfani waɗanda suka ciyar da mu, amin.