Allon karatu na zamani: a dubi littafi kafin a zaɓi allo

A wannan mako filinmu zai yi magana bisa wata ƴar na'ura wadda Faransawa ke kira “liseuse”, mu kuwa za mu kira ta allon karatu, domin aikinta aikin allo ne: a rubuta, a karanta, a wanke, a sake rubutawa. Muna magana ne musamman da ma'aikacin da aka tura karkara, kamar malamin lakkwal ko ma'aikacin likita a ƙauyukan Hamdara cikin gundumar Mirya, inda babu kantin littattafai, kuma sai an je Damagaram ake samun wanda ake nema, in ma an samu. Ga irin wannan mutum, allo guda mai ɗauke da littattafai dubu ba abin wasa ba ne. Amma kuɗinsa ma ba na wasa ba ne: mafi araha a Turai yana kamawa daga wajen yuro 100, wato jika 65 da ɗoriya, ban da kuɗin kawowa. Saboda haka kada a yi cinikin biri a sama.

Abin da ya raba allon karatu da salula shi ne fuskarsa. An yi ta da wata irin tawada ta lantarki, ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da farare, waɗanda ba sa cin wuta sai lokacin da aka juya shafi. Shi ya sa caji ɗaya kan kai makonni, kuma ana karatu a tsakar rana kamar bisa takarda. Kamfanin Sony ne ya fara fito da irinsa a Japan a 2004, Amazon ya biyo baya da Kindle a 2007. Yau sunayen da suka fi yawo su ne Kindle, da Kobo na ƙasar Kanada, da PocketBook, da Vivlio na Faransa. Wanda ya ga duhun da aka shiga a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke mana wutar lantarki, ya san darajar na'urar da ɗan ƙaramin sola ke ƙosar da ita.

Tambaya ta farko ita ce: ta wace ƙofa littafi zai shiga? Kindle an gina shi ne bisa kantin Amazon. Sayen littafi a can yana bukatar katin banki da intanet, abubuwa biyu da ba kowa ke da su ba a karkara. Littattafan zamani kuwa akasarinsu suna zuwa ne cikin siffar da ake kira EPUB. Kobo da PocketBook da Vivlio suna karɓar ta kai tsaye: a haɗa waya da kwamfuta, a zuba, an gama. Kindle bai fara karɓar EPUB ba sai a 2022, shi ma sai an aika ta hanyar intanet an juya shi tukuna. Ke nan wanda rezo ke yi wa wuya, Kobo ko PocketBook zai fi masa sauƙi.

Akwai kuma batun mallaka. Littafin da aka saya a irin waɗannan kantuna yakan zo a kulle, ba ya buɗuwa sai cikin gidan mai kanti. A 2019 Microsoft ya rufe kantinsa na littattafai, ya mayar wa mutane kuɗinsu, littattafan kuwa suka ɓace daga hannunsu. A ƙarshen 2023 OkadaBooks na Nijeriya, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da labaransu, shi ma ya rufe. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Littafin da ba a kulle ba, wanda mutum ya ajiye kwafinsa a wani wuri, shi ne nasa.

Tambaya ta biyu: wane irin littafi ake karantawa? Mai son labarai, na faransanci ko na hausa, allo ƙarami mai faɗin santimita 15 daga kusurwa zuwa kusurwa ya ishe shi, tun da EPUB yana barin a ƙara girman baƙaƙe yadda ido ke so. Amma mu faɗi gaskiya, abin da ke yawo cikin salularmu yawancinsa PDF ne: darussan jami'a, takardun shirin jarrabawa, littattafan larabci da na ajami da aka ɗauki hotonsu shafi shafi. Shafin PDF ba ya lanƙwasuwa. Yadda aka buga shi haka zai fito. Bisa ƙaramin allo, rubutun yakan koma kamar tururuwa, wasulan ajami su narke. Ɗalibin Jami'ar André Salifou ko almajirin fiƙihu yana bukatar allo mai santimita 25, wanda kuɗinsa ya ninka na ƙaramin sau uku ko huɗu. In aljihu bai kai ba, gara ya haƙura da babbar salula, da ya sayi abin da zai kwanta cikin akwati.

Tambaya ta uku ta harshenmu ce. Baƙaƙenmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba kowane zubin rubutu ke da su ba. Wani lokaci sai ka ga ɗan akwati fanko a tsakiyar kalma. Kindle da Kobo duka suna yarda a zuba musu wani zubi, kuma akwai na kyauta, irin su Charis da Andika, masu ɗauke da baƙaƙen harsunan Afirka. Kafin a biya, a buɗe shafi ɗaya na hausa a gani da ido.

Sai kuma yanayin ƙasarmu. Amazon da kansa ya ce Kindle yana aiki daidai ne tsakanin digiri 0 da 35, alhali bazarar Damagaram tana wuce 40 cikin watannin Afrilu da Mayu. Kada a bar allo a rana ko cikin akwatin babur, domin zafi ne ke kashe batir. Fuskarsa kuma gilashi ce siririya; in ta tsage, gyaranta ya kusa kuɗin sabo, don haka a saya masa riga mai murfi tun ranar farko. A tabbata yana da fitila a jikinsa saboda karatun dare. Masu launi da Kobo da Amazon suka fito da su a 2024 suna da kyau ga zane da taswira, sai dai fuskarsu ta fi duhu, kuɗinsu ya fi yawa. Wanda zai sayi na hannu kuwa, ya duba cewa mai shi na farko ya cire sunansa daga ciki.

Abin zubawa na halal bai yi ƙaranci ba. Gallica, taskar babban ɗakin karatu na Faransa, da Wikisource suna ba da tsofaffin littattafai kyauta, African Storybook kuma yana da labaran yara cikin hausa. Amma littafin marubuci mai rai, a saya, guminsa ne.

Shawararmu dai ita ce, kowa ya ƙirga littattafai goma da yake son karantawa a bana, ya duba siffarsu da harshensu da inda zai samo su, sannan ya nufi kasuwa. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.