Masu Zagin Ilimin Helenawa, Ku Duba Kayan da Kuka Ɗauko



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin waɗansu masu wa'azinmu, lokaci kuwa ya yi da za a tanka mata. Da zarar an kawo zancen aika saurayi makarantar tauhidi, ko sayen littattafan tarihin ikilisiya, sai wani ya miƙe ya ce wannan duka falsafar Helenawa ce, Manzo Bulus ya gargaɗe mu a kanta cikin Kolosiyawa 2:8, mu Ruhu ya ishe mu. Shi ke nan an rufe zancen. To, abin da zan faɗa ba zai yi wa kowa daɗi ba: masu wannan magana su ne suka fi kowa ɗauke da kayan Helenawa, ba su kuwa sani ba, 'ya'yanmu kuma su ne ke shan wahalar rashin sanin.

A fara da wa'azinsu. Mutum ya karanta labarin Dawuda da Goliyat, sai ya ce duwatsu biyar ɗin nan kowanne yana da ɓoyayyar ma'ana, na biyar kuwa shi ne baiko na musamman da za a ba da yau. Wani ya ɗauki tuluna shida na bikin Kana ya mai da su matakai shida na samun arziki. In ka tambaye shi inda nassi ya faɗi haka, ya ce Ruhu ne ya bayyana masa. Wannan hanya ta barin abin da aka rubuta a shiga tonon ma'anar ɓoye tana da asali, ba kuwa daga Galili ta fito ba.

Helenawa na da suna da waƙoƙin Homa, inda allolinsu ke ƙarya da zina da faɗa da juna. Masanansu suka ji kunya, sai suka ce ai ba haka ake nufi ba, kowane allah alama ce ta wuta, ko ruwa, ko wani hali na zuciya. A birnin Iskandariya ta Masar, wani Bayahude mai suna Filo, wanda ya rayu a zamanin Ubangijinmu, ya ɗauki wannan dabara ya sa ta a kan Attaura. Bayansa Orijin (wajen shekara ta 185 zuwa 253) ya shigo da ita ikilisiya da ƙarfi. Ya koyar cewa nassi yana da jiki da rai da ruhu kamar mutum.

Kada a raina Orijin. An kashe mahaifinsa saboda bangaskiya, shi ma ya sha azaba a kurkuku cikin tsanantawar Sarki Disiyus ta shekara ta 250. Ya koyi Ibrananci, ya jera Tsohon Alkawari layi shida gefe da gefe don ya gwada kalma da kalma. Duk da wannan wahala, koyarwar almajiran Aflatun ta ja shi har ya ce rayukan mutane sun kasance tun kafin a haife su, majalisar Kustantiniya ta shekara ta 553 kuma ta sa sunansa cikin waɗanda aka ƙi koyarwarsu. In mai karatu irin wannan ya zame, ina wanda ko surar da ayarsa take ciki bai karanta ba?

Ga misalin da ya shafe mu. A wa'azin Orijin kan Basamariye mai kirki, mutumin da 'yan fashi suka tare Adamu ne, Urushalima Firdausi ce, Yariko duniya ce, masauƙin kuwa ikilisiya. Agustin ya ƙara da cewa mai masauƙin Manzo Bulus ne. Maganar da daɗin ji. Amma tambayar da aka yi wa Yesu cikin Luka sura 10 a kan maƙwabci ce, amsar kuma ita ce ka tsaya ka ɗauki wanda aka jikkata ko da ba danginka ba ne, ko da ba addininku ɗaya ba. Waɗannan manya ba su manta da umarnin ba, amma mai kwaikwayonsu ba tare da karatu ba yakan manta. Mu da muka ga abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Jibiya da hanyar Katsina, ma'anar fili ce muke bukata a gaya mana.

Ikilisiyar farko ba ta yi shiru ba. Malaman Antakiya, irin su Diyodorus na Tarsus da almajirinsa Yohanna mai laƙabin Bakin Zinariya, wanda ya rasu a shekara ta 407, sun nace a fara da abin da marubucin ya faɗa, da wanda ya faɗa wa, da dalilin faɗar. Da aka ce musu ai Bulus ma ya yi misali da Hajara da Saratu cikin Galatiyawa sura 4, suka amsa cewa Bulus bai taɓa cewa matan nan ba su rayu ba. A kan tarihi ya gina misalinsa. Mai wa'azin da ke fakewa da maganar harafi da Ruhu ta 2 Korintiyawa 3:6 shi ma ya koma ya karanta surar duka. Zancen tsohon alkawari da sabo ake yi, ba a ba kowa izinin ƙirƙiro ma'ana ba.

Wannan ke nan a cikin gida. A waje kuma fa? Mu 'yan tsiraru ne. Yaronmu yana tasha, ko kasuwa, ko makaranta, ko yana duba waya, sai a ce masa Triniti ba ya cikin koyarwar Yesu, Sarki Kustantin ne ya ɗauko shi daga falsafar Aflatun ya ɗora wa Kirista a majalisar Nikiya. Yaron ya dawo gida ya tambayi dattijo, a ce masa ya bar yawan tambaya. Me kuke tsammani zai ɗauka? Zai ɗauka ba mu da amsa. Alhali amsar tana nan.

Gaskiya ne masanin falsafa Falotinus, wanda aka haifa wajen shekara ta 205 ya rasu a 270, ya koyar da tushe uku: Ɗaya, da Hankali, da Rai. Amma nasa ukun matakala ne, kowanne yana ƙasa da na samansa. Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya riga ya yi amfani da kalmar Triniti wajen shekara ta 213, lokacin Falotinus bai kai shekara goma ba. Baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki kuwa tana cikin Matiyu 28:19 tun kafin su duka. A Nikiya, shekara ta 325, Ariyus ne ya riƙe cewa Ɗan yana ƙasa da Uban, halitta ne, majalisar kuma ta ƙi wannan. Wato koyarwar da ta fi kama da matakalar masu falsafa ita ce aka yar. Ba ma ɓoyewa cewa kalmar da suka zaɓa don su ce Uba da Ɗa zatinsu ɗaya ne ta Helenanci ce, ba ta kuma cikin Littafi Mai Tsarki. Aron kalma dabam, aron bangaskiya dabam. Sabon Alkawari ma da Helenanci aka rubuta shi. Fassarar Hausa ta 1932, wadda Dakta Walter Miller na Wusasa yana cikin waɗanda suka yi aikinta, cike take da kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci, ba wanda ya ce bishara ta canja.

Masu falsafar da kansu ba su ɗauke mu 'yan'uwansu ba. Kelsus ya rubuta littafi yana yi wa Kirista ba'a wajen shekara ta 178, Orijin ya amsa masa cikin littattafai 8. Forfiri, almajirin Falotinus, ya rubuta littattafai 15 na sukar Kirista. Abin da ba su iya haɗiyewa shi ne a ce Allah ya ɗauki jiki, ya mutu, ya tashi da jiki, domin a wurinsu jiki abin gudu ne. Agustin, ɗan ƙasar Aljeriya ta yau, ya karanta littattafansu a Milan wajen shekara ta 386. Ya shaida cewa ya sami maganar Kalman Allah a ciki, amma zancen zamansa mutum da gicciyensa bai same su ba sai cikin nassi. Wannan amsa ba ta fi ƙarfin ɗan sakandare ba, in an koya masa.

Maƙwabtanmu Musulmi ma sun bi ta wannan hanya. A Bagadaza, cikin ƙarni na 9, an fassara littattafan Helenawa zuwa Larabci, Kirista irin su Hunainu ɗan Ishaƙa suna kan gaba a aikin. Shehu Magili, wanda ya zo Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya kare ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idodin kafa hujja da aka gada daga Aristo, sa'ad da Shehu Suyuɗi na Masar ya hana shi. Muhawarar nan tsohuwa ce, kuma da karatu aka yi ta. Mu kaɗai ne za mu shige ta hannu rabbana?

Mutanen iyaka sun san wani abu. Da aka rufe iyakar nan daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, kaya ba su daina shigowa ba, ta daji suka koma bi, inda ba mai dubawa. Haka ra'ayi yake. Dattijon da ya ce ba ruwansa da sanin falsafa bai hana ta shiga majami'a ba, ya dai bar ta ta shigo fasa-ƙwauri ta bakin mai wa'azi. Gargaɗin Kolosiyawa 2:8 a kan kada a kama mu ne, mutum kuwa ba ya tsere wa tarkon da bai san kamanninsa ba. Bulus ɗin da ya rubuta shi ya tsaya a Atina ya yi muhawara da Abikuriyawa da Sitokiyawa, har ya kafa musu hujja da mawaƙansu. Marigayi Dakta Byang Kato na ECWA, wanda ya rasu a 1975, ba wanda ya fi shi tsayawa kan ikon Maganar Allah, ba kuwa wanda ya fi shi kiran ikilisiyar Afirka ta horar da malamai masu zurfin karatu.

Saboda haka ga roƙona ga majalisar dattawa ta kowace ikilisiya. Na ɗaya, duk wanda za a ba bagade ya karanta wa jama'a abin da ke gaban ayarsa da bayanta, ya faɗi ma'anar fili kafin ya kawo wani misali. In ya ce an bayyana masa, a gwada shi da nassi kamar yadda mutanen Biriya suka yi. Na biyu, a keɓe lokaci cikin nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa da na Zumuntar Mata don tarihin ikilisiya ta ƙarnuka biyar na farko, da Hausa, da sunaye da shekaru. Na uku, ikilisiyoyi biyu ko uku su haɗa baiko su ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya zuwa makarantar tauhidi, ko Jos ko Kagoro ko Bukuru, da sharaɗin ya dawo ya koyar. Na huɗu, a daina tsawata wa yaron da ya zo da tambaya. In dattijo bai san amsar ba, ya ce a nemo ta tare.

An umarce mu cikin 1 Bitrus 3:15 mu kasance da amsa a shirye, mu kuma ba da ita da tawali'u. Iyayenmu dattawa, amanar garken nan a hannunku take. Ubangiji ya ba ku hikimar tsaronta. Amin.